Ƙafar Mu'azu Na'Allah da Aka Mayar Darasi

Malama Atika Na'Allah,
Gidan Na'Allah Baduku,
Shiyar Ƙofar Kware,
Sakkwato.
13 ga Oktoba, 2025.

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaba,
Kwamitin Tantance Matuƙa Keke Napep na Cikin Gari,
Sakkwato.

Ranka shi daɗe,

GAME DA: TAUYE WA MU'AZU NA'ALLAH SABON LASISIN TUƘI, DA CIN MUTUNCINSA, DA RIƘE MASA ƘAFAR ROBA A CIBIYAR KOYAR DA TUƘI TA LUMANA

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan Allah shi ƙara wa kujerarka albarka, ni ce mai suna a sama, tsohuwar malamar firamare da ta aje aiki, kuma yayar Mu'azu Na'Allah uwa ɗaya uba ɗaya. Ni na goye shi bayan rasuwar innarmu, shi ya sa nake ganin ina da hurumin rubuta wannan takarda a madadinsa. Shi bai san na rubuta ba. Da ya sani da ya hana ni, domin har yau tsoro yake kada a ɓata wa Malam Junaidu Sule rai. Malam Junaidu shi ne babban mai koyarwa a Cibiyar Koyar da Tuƙi ta Lumana da ke Arkilla, wadda kwamitinka ya ba izinin horar da matuƙa keke da yi masu gwaji. A kan wannan bawan Allah da wannan cibiya nake kawo ƙorafi.

Abin da nake nema a taƙaice shi ne lasisin ƙanena. Sanarwar kwamitinka ta ce ranar Asabar, 25 ga wannan wata, za a yi gwaji na ƙarshe, kuma daga 1 ga Nuwamba duk keken da aka gani bisa titi babu sabon lasisi za a kama shi. Mu'azu yana da mata da ɗiya huɗu. Ba shi da gona, bai iya dukancin da ubanmu ya yi ba, tuƙi kaɗai ya sani. Ina roƙon ka daure ka karanta har ƙarshe, ko da za ka ga alƙalamina yana kaucewa daga ladabin ofis nan da can. Ga abubuwan da suka faru bi da bi.

1. Cewa Mu'azu ya fara kabu-kabu tun yana saurayi, kuma ya fi shekara ashirin bisa babur, mafi yawansu a tashar da ke bakin Hubbare, yana ɗaukar masu ziyara. A farkon shekarar 2024 ya sayar da babur ɗin, dangi suka taimaka, ya sayi keke, saboda bayansa ya fara ciwo, kuma mata masu ziyara sun fi son keke. Ranar Asabar, 9 ga Maris, 2024, ya je wannan Cibiya ta Lumana ya yi horon da ake yi a lokacin. Malam Junaidu da kansa ya koyar da su. An gaya masu su rubuta lamba a jikin keke, su sa rigar ƙungiya, kada su zaunar da fasinja kusa da direba, kada su amsa waya suna tuƙi. Kafin kiran Azahar an sallame su, kowa da takardarsa.

2. Cewa akwai abu guda da ba a gaya masu ba ranar, kuma shi ne tushen wannan magana. Ranka shi daɗe, duk wanda ya daɗe bisa babur, in babur ya karkata, ƙafarsa ke fita da kanta ta dafe ƙasa. Ba shawara yake yi da ita ba, ta saba ne. A babur wannan ɗabi'a ceto ce. A keke kuwa halaka ce, domin keke ba ya tsayawa da ƙafar mutum, kanta yake kwanciya. Mafi yawan waɗanda suka zauna ajin nan tare da Mu'azu tsofaffin 'yan kabu-kabu ne, kuma Malam Junaidu ya san haka, amma ko da wasa bai taɓo zancen ba.

3. Cewa ranar Laraba, 14 ga Agusta, 2024, da hantsi, bayan ruwan da aka kwana ana yi, Mu'azu ya ɗauko mata biyu daga Hubbare zuwa Runjin Sambo. Dab da shataletale wata tsohuwa mai tallar fura ta faɗo titi. Ya karya kan keke dama da ƙarfi don ya kauce mata, tayar baya ta ɗaga, keken ya tafi hagu, ƙafarsa ta hagu ta fita neman ƙasa. Keken ya kwanta kanta ya ja ta bisa kwalta. Tsohuwar ko ƙwarzane ba ta yi ba, har furarta ba ta zube ba. Matan biyu sun ƙuje a hannu sun koma gida da ƙafarsu. Ranar Litinin, 19 ga watan, likitoci suka yanke wa Mu'azu ƙafar daga ƙasan gwiwa. Aka naɗe ta da farin ƙyalle, maza suka kai ta maƙabarta aka binne kamar yadda addini ya tanada. Ni na sayi ƙyallen. Mun ce Inna lillahi, mun karɓi ƙaddara, kuma ba mu kai ƙarar kowa ba.

4. Cewa ƙafar hagu ba ta da wani aiki a tuƙin keke, kuma wannan ba sai na koya wa kwamitinka ba. Giya da kuloci suna hannun hagu, totur yana hannun dama, birki yana ƙarƙashin ƙafar dama. Ta hagu zama kawai take. Da Mu'azu ya warke aka gyara keken, ya riƙa fita da shi filin ƙwallon bayan gidanmu da sandunansa a gefe, har hannunsa ya dawo. Wallahi ranar da ya fara zagaya filin nan na ga haƙoransa a waje, abin da ban gani ba tun ranar haɗarin. Ana cikin haka, a watan Afrilu na bana, kwamitinka ya soke tsofaffin takardu, ya ce kowa ya koma ya sake horo da gwaji. Ban ga laifin wannan doka ba ko kaɗan. Ni na ce masa ya je, ya bi ƙa'ida kamar kowa.

5. Cewa ranar Asabar, 3 ga Mayu, 2025, cikin zafin nan da ko tsuntsu ba ya son tashi, Mu'azu ya isa cibiyar bisa sandunansa. Malam Junaidu yana ganinsa ya tsai da darasi. Ya kira shi gaban aji, ya tambaye shi yadda aka yi, Mu'azu ya ba da labari da zuciya ɗaya. Daga nan ya ce ya naɗe wandonsa mutane su gani. Mu'azu ya so ya ƙi, domin ko ɗiyansa bai taɓa bari sun ga dungun ba. Malam Junaidu ya ce ai sadaka ce, wai zai ceci ƙafafun bayin Allah. Sai Mu'azu ya naɗe. Wani daga cikin ajin har ya fita waje ya yi amai. Da aka tashi, Malam Junaidu ya ja shi gefe ya ce tun da ya fara koyarwa bai taɓa ganin darasin da ya shiga mutane irin na yau ba. Ya ce dokar kwamiti ta yi shiru kan masu nakasa, wai sa hannun yana wurinsa shi kaɗai, amma in Mu'azu ya riƙa zuwa yana taimaka masa na ɗan lokaci, shi zai san yadda zai yi. Mu'azu ya dawo gida yana murna, yana ce mani, Yaya, na samu hanya. Ni kuwa tun daga lokacin ban yarda da zancen ba.

6. Cewa tun daga wannan rana kusan kowace Asabar sai an tsai da Mu'azu gaban sabon aji. Abin da zan faɗa a nan na ji shi daga bakin Abdulshakur, maƙwabcinmu mai keke, wanda ya yi nasa horon a ƙarshen watan Mayu, kuma ya ce a shirye yake ya maimaita gaban kwamitinka da Alƙur'ani a hannu. Tun abin yana darasi har ya koma wasan kwaikwayo. Ana zaunar da Mu'azu a bayan ƙofa sai an zo wurin, sannan Malam Junaidu ya buga tebur ya ce a shigo da Taka-Ƙasa. Sunan da ya raɗa masa ke nan. Sai Mu'azu ya hau benci, ya naɗe wando, ya juya dama ya juya hagu don na baya su gani. Malam Junaidu yana nuna ɗinkin da bulalar da yake nuna allo, yana cewa wanga shi ne ƙarshen mai taurin kai, wai ƙafarsa ta riga shi kabari tana can tana riƙe masa wuri. Mutane su yi dariya, domin in malami ya yi barkwanci ɗalibi mai neman sa hannu dole ya dara. Ko sau ɗaya bai taɓa gaya wa ajin cewa wannan mai taurin kan ɗalibinsa ne ba, kuma a bencin nan da yake tsaye ya zauna aka ba shi takarda.

Sunan nan bai tsaya Arkilla ba. Kowane aji in ya fita da shi yake fita. Yau daga Mabera har Gawon Nama babu tashar keke da ba a san Taka-Ƙasa ba. Masu keke suna wucewa ƙofar gidanmu suna danna oda suna kiransa. Mutumin da aka san shi da Malam Mu'azu na bakin Hubbare, wanda tsofaffi suke jira don ya fi kowa tuƙi a hankali! Duk sanda ya tambayi zancen gwajinsa, sai a ce mako mai zuwa. Wata rana a ce fom ya ƙare, wata rana a ce ana jiran kwamiti, wata rana a ce ya bari a wuce Sallah. Waɗanda suka zo bayansa, har da yaran da bara war haka ba su san inda giya take ba, duk sun karɓa sun tafi.

7. Cewa, don kada a ce na ɓoye alheri, a watan Yuni Malam Junaidu ya sa an yi karo-karo a cikin azuzuwan, aka yi wa Mu'azu ƙafar roba. Masu keke ne suka tara daga guminsu, Allah shi saka masu. An miƙa masa ita a filin cibiyar, aka ɗauki hotuna, Malam Junaidu yana tsakiya da babbar riga. Mun yi godiya. Ni kaina na dafa abinci na aika masa, kuma ina jin takaicin shinkafar nan har yau. Mu'azu ya jefar da sanduna, ya koma jam'i a masallaci, ya fara ɗaukar ƙaramar ɗiyarsa a kafaɗa. Ashe darasi ne aka yi wa kwaskwarima. Daga makon da ya biyo baya sai aka daina ɓoye shi bayan ƙofa. Sai ya zauna cikin aji kamar kowa, babu wanda ya sani, in an zo wurin Malam Junaidu ya ce akwai mai ƙafa ɗaya a cikinku, ku nemo shi. A yi ta dube-dube ana raha. Sannan Mu'azu ya fito, ya kwance ƙafar a gaban jama'a, a riƙa miƙa ta hannu zuwa hannu har bencin ƙarshe, shi kuwa yana tsaye ya dafa bango yana jiran ta dawo.

8. Cewa bayan na matsa masa lamba, shi ma ya matsa, aka sa masa gwaji ranar Asabar, 20 ga Satumba, 2025. Matarsa Wasila ta wanke masa rigar ƙungiya ta goge. Abdulshakur ya raka shi, don haka abin da ke tafe shaidar ido ce. An fara da darasin da aka saba, aka kwance ƙafar ta zaga aji. Maimakon a mayar masa, Malam Junaidu ya aje ta bisa tebur, ya ce gwaji a yadda Allah ya bar mutum ake yinsa. Mu'azu bai yi musu ba. Ya yi tsalle da ƙafa ɗaya har bakin keken cibiyar ya hau. Aka jera durom-durom a fili, ya bi tsakaninsu gaba ya bi da baya, bai taɓa ko ɗaya ba. Aka ce ya taka birki a kan layi, ya tsaya daidai kan layi. Wasu daga cikin ɗaliban har tafi suka yi masa.

A nan ya kamata a sa hannu. Maimakon haka Malam Junaidu ya ce saura gwaji ɗaya, wai na musamman, wanda Abdulshakur ya ce bai ga an yi wa kowa ba, kafin ranar ko bayanta. Ya ce Mu'azu ya kashe keken ya zauna a ciki. Ya tsaya gabansa yana jansa da hira, alhali ya riga ya yi wa wasu ƙarti uku ido sun zagaya ta baya. Ba zato suka kama gefen dama suka ɗaga keken sama. Keken ya karkata hagu. Ranka shi daɗe, dungun nan ya fita. Ya fita neman ƙasa kamar yadda ya saba shekara ashirin, bai tarar da kome ba sai iska, Mu'azu ya bi shi ya faɗi da fuska cikin tsakuwa. Filin ya ɗauki dariya, wayoyi suna sama ana ɗauka. Malam Junaidu ya tsaya kansa ya ce wa aji su duba da kyau, wai an yanke an binne amma har yanzu tana neman ƙasa, mai irin wanga hali ko an ba shi lasisi ɗayar zai kai maƙabarta. Ya ce ya faɗi gwaji. Sannan ya ce a ɗaga shi a sake, domin na baya ba su gani ba. Abdulshakur ne ya shiga tsakani, ya ciccibi Mu'azu ya sa a kekensa ya kawo shi gida, leɓensa a fashe, haƙori ɗaya ya karye. Ƙafar robar tana can bisa tebur.

Ina roƙon afuwa, na aje alƙalami a nan na ɗan lokaci. Na ga hoton bidiyon a wayar wata jikata kafin in ji labarin daga bakin kowa, an sa masa kiɗa.

9. Cewa ranar Litinin, 22 ga Satumba, Wasila ta je karɓo ƙafar. Aka bar ta zaune a rana har La'asar, sannan aka ce Malam ya fita. Ranar Alhamis, 2 ga Oktoba, na je da kaina. Na tarar da ƙafar ƙanena rataye a ƙusa kusa da allo, tsakanin hoton alamomin hanya da kalanda, takalminsa na Sallah yana jikinta. Malam Junaidu ya karɓe ni da fara'a, ya ce a ba Hajiya kujera. Ya ce ƙafar kayan koyarwa ce ta cibiya, tunda a cibiya aka tara aka saya. Ya ce Mu'azu yana da damar sa ta duk Asabar da ya zo, in ya ci gaba da zuwa har ƙarshen shekara ma ana iya duba zancen sake gwaji. Na ce masa gwaji na ƙarshe 25 ga wata ne. Ya yi murmushi ya ce ai shi ya sa ya kamata Mu'azu ya yi wa kansa faɗa. Na tambaye shi ko shi yana da ƙane. Ya ce in gaishe da gida. Na san abin da ke ransa, kuma zan faɗa ko da za a ce na yi zato: ranar da Mu'azu ya karɓi lasisi ya koma bakin Hubbare, ranar Malam Junaidu ya rasa darasinsa mafi daɗi. Tun farko bai yi niyyar sa hannu ba.

10. Cewa tun ranar gwajin Mu'azu bai taka waje ba. Ya koma sanduna. Keken yana zaure an rufe shi da tabarma, kaji suna kwana ƙarƙashinsa. Wasila ce ke riƙe gidan da ƙosan safe, ni kuma ina kai abin da ya samu daga fanshona. Wannan duk da sauƙi, yunwa mun san ta. Abin da ya hana ni barci shi ne, ƙanena ya koyi darasin fiye da duk wanda aka koya wa. Duk wanda ya yi sallama ya shigo duba shi, kafin a gama gaisawa sai ka ga hannunsa ya tafi bakin wando ya fara naɗewa. Ya yi wa limamin shiyarmu haka. Ya yi wa surukinsa haka. Shekaranjiya wata mai tallar kuka ta leƙo, ya yi mata. Naɗewa kawai yake, ya juya dama ya juya hagu, ya tsaya yana jira. In na daka masa tsawa ya dube ni kamar wanda aka tasa daga barci, ya ce, Yaya, yi haƙuri. Ni yake ba haƙuri! Kuma duk ranar Juma'a da dare sai ya tambayi Wasila ko an goge rigar ƙungiya, wai kada Malam ya ga bai zo ba ya yi fushi ya fasa.

11. Cewa ni ban zo in ce a daina koyar da wannan darasi ba. Darasin gaskiya ne, da an koyar da shi ranar 9 ga Maris, 2024, da ban sayi farin ƙyalle ba. A koya wa duk tsohon ɗan kabu-kabu ya riƙe ƙafarsa a ciki, a maimaita masa har ya shiga jininsa. A cika wando da yashi a kwantar da keke a kansa, kowa ya gani. Na shekara talatin da biyar ina riƙe da alli, na koyar da ɗiyan talakawa da ɗiyan sarakai, na yi duka a zamanin da ake duka. Amma ban taɓa ɗora yaro bisa benci don aji ya yi dariyar abin da Allah ya jarrabe shi da shi ba. Wanda ya yi haka ba malami ba ne, ko da takardar izinin kwamitinka tana manne a bangonsa. Tir da wannan hali, kuma ban janye kalmar ba.

Saboda abubuwan da na zayyana a sama, ina roƙon mai girma Shugaba, cikin ladabi da ƙanƙan da kai, da ya duba waɗannan buƙatu:

(a) A sa a sake yi wa Mu'azu Na'Allah gwaji ranar 25 ga Oktoba ko kafin nan, a wani wuri da ba Lumana ba, a hannun wani da ba Malam Junaidu ba, irin gwajin da ake yi wa kowa, ba ƙari ba ragi, kuma ba 'yan kallo. In ya faɗi, wallahi ni da kaina zan sayar da keken. In ya ci, a ba shi abinsa.

(b) In kuwa kwamitinka yana da doka da ta hana mai ƙafa ɗaya tuƙin keke, a rubuto mana ita a takarda da hatimi, mu san an hana, mu daina goge riga.

(c) A umarci cibiyar ta sauko da ƙafar daga ƙusa ta kawo ta gidanmu, da takalmin da ke jikinta. Masu keken da suka tara ba don a yi wa allo ado suka tara ba, a tambaye su.

(d) A binciki gwajin ranar 20 ga Satumba, a kira Abdulshakur, a kalli bidiyon, ba wuyar samu gare shi ba, yana wayar kowa. Hukuncin da ya dace da Malam Junaidu na bar wa kwamiti. Nawa na kai shi inda ba a buƙatar takarda.

Daga ƙarshe, ranka shi daɗe, ina da roƙo ɗaya wanda ban san lambar da zan sa masa ba. In Allah ya sa ka turo jami'i gidanmu, ko ka sa an kawo Mu'azu ofishinka, na san abin da zai faru. Yana ganin mai mulki zai sunkuya ya kama bakin wandonsa. Don Allah, don Annabi, a gaya wa jami'in tun kafin ya zo kada ya tsaya kallo, kada kuma ya kau da kai don kunya. Ya riƙe masa hannu, ya kira shi Malam Mu'azu, ya ce masa ya bari, ba a buƙata. Ni na faɗa, Wasila ta faɗa, liman ya faɗa, bai ji ba, domin ba mu ne muka sa shi ba. Hukuma ce ta ce ya naɗe, sai hukuma ta ce ya sauke.

Allah shi ja zamaninka, shi ba ka ikon yin adalci, shi tsare maka gaɓoɓinka da na zuriyarka. Ina jiran amsa da dukkan biyayya.

Taka mai ladabi,

(Sa hannu)
Malama Atika Na'Allah,
Yayar Mu'azu Na'Allah, mai keke na tashar bakin Hubbare.